In Ɓera da Sata

Mu mazauna Ƙauyen Alu mun daɗe muna fama da ɓeraye da gafiya. Da dare su tone kwandon shara, da safe awaki su ƙarasa watsa ta a tsakar gida. Mun ɗana tarko, mun kawo kyanwa, duk a banza.

Wata tsohuwa ce ta ce mana, "'Ya'yana, ai daddawa ma da wari." Sai muka samo durom mai murfi, muka daina barin sauran tuwo a buɗe, muka toshe rariya da raga. Suka ɗauke ƙafa.

Mai karatu, abin ya wuce ƙazanta. Ɓera ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a ƙasar Borno a 1969. Allah Ya tsare mu.