Aron Suna da Aron Hali a Manyan Kamfanoni

Kanban kalma ce ta Japananci mai nufin allon sanarwa. A masana'antar motoci ta Toyota, bayan yaƙin duniya na biyu, Taiichi Ohno ya mai da ita sunan wata ƴar takarda da ake maƙala wa akwatin kayan haɗi: ba a ƙera sabon kaya sai takardar ta komo, alamar na baya ya ƙare. Ban da takardar akwai igiya mai suna andon, wadda kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantar muƙaminsa, yake da ikon ja in ya ga aibi, har layin ƙira ya tsaya in ba a gyara ba. A 1988 John Krafcik ya raɗa wa wannan salo suna lin da Ingilishi, wato marar kitse.

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun daɗe da nasu ciwon. Akan shekara ana tsara takardun abin da ake so, a ƙara shekara ana rubutu, ranar miƙa aiki kuwa a tarar bukatar mai shi ta sauya tuni. A watan Fabrairu na 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird, cikin jihar Utah ta Amurka, suka fitar da gajeriyar sanarwa a kan wata hanya da suka kira ajil, ma'ana mai saurin juyi: ƙaramin rukuni, aiki gutsure-gutsure, kowane mako biyu ko makamancin haka a nuna wa mai aiki abin da ke tafiya, ya ce e ko a'a. A 2003 Mary da Tom Poppendieck suka ɗinke wannan da darasin Toyota. A wurinsu, manhajar da aka rubuta rabi aka ajiye daidai take da kayan da ke jibge a sito suna cin ƙura.

Ga mutum takwas cikin ɗaki guda abin ba wuya. Wuyar tana wurin banki ko kamfanin sadarwa mai dubban ma'aikata, inda gyaran layi ɗaya na manhaja kan jira sa hannun ofishin tsaro, da na shari'a, da na kuɗi, kowanne da nasa shugaba da nasa layin jira.

Bankin ING na Holand ya tunkari matsalar gadan-gadan a 2015. Ya aro tsarin da Henrik Kniberg da Anders Ivarsson suka bayyana a 2012 game da kamfanin kiɗa na Spotify a Suwidin, ya rushe sassan babban ofishinsa, ya rarraba ma'aikata cikin ƙananan tawagogi wajen 350, kowace ba ta wuce mutum 9 ba, ya tattara su cikin manyan rukunai 13 da ake kira ƙabilu. Ɗalibin harshe zai yi murmushi a nan: banki mai kwat da lakkwabo yana kiran sassansa ƙabilu! Sai dai sunayen ne mafi arhar abin da ING ya saya. Mai tsadar shi ne an sa ma'aikatan babban ofishin sun sake neman aikinsu, manya sun rasa kujerun da suka yi shekaru suna hawa, kuma an zaunar da mai rubuta manhaja da mai tallar haja teburi guda, da ikon yanke shawara a hannunsu. Shugabannin bankin sun ce daga nan suka koma fitar da sabuwar manhaja kowane mako biyu zuwa uku, maimakon manyan fitarwa biyar ko shida a shekara.

Da yawa daga masu kwaikwayo sun tsaya ne a kan ƙamus. Sashe ya wayi gari sunansa tawaga, shugaban sashe ya zama jagoran ƙabila, an manne bango da takardu masu launi, kowace safiya ana taron minti 15 a tsaye. Amma taron da aka ƙirƙiro don abokan aiki su daidaita tsakaninsu ya rikiɗe ya zama ba da rahoto ga maigida. Wannan shi masana ma'ana ke gani kullum a kalmar aro: sauti ya iso lafiya, ma'ana kuwa ta ɗauki halin gidan da ta sauka. Kama da wane ba ta wane. Su kansu marubutan takardar Spotify sun faɗa tun farko cewa hoton yadda suke aiki a lokacin ne suka nuna, tafiyar ba ta ƙare ba. Masu aro suka karanta ta kamar doka.

Ba za a ɗora laifin duka a kan manya ba. Banki yana riƙe da amanar kuɗin jama'a, hukuma na sa masa ido, kuskuren dare ɗaya kan hana dubban mutane albashi. Tsoron sakin linzami yana da dalili. Abin da ke maye gurbin sa hannun shugaba shi ne gwaji na kai-tsaye da na'ura ke yi wa kowane gyara kafin ya fita, kuma gina wannan a kan tsohuwar manhaja mai shekara 30 aiki ne na shekaru da ba ya burge kowa a taron masu hannun jari.

Akwai kuma kasafi. Tawagar da ke iya sauya alkibla kowane mako biyu, amma kuɗinta an ƙulle shi tun Disamba a kan jerin ayyukan shekara, ɗaurarriyar akuya ce mai doguwar igiya. ING ya taɓa wannan ma: ya kafa zama kowane wata uku, inda kowace ƙabila ke rubuta abin da ta cimma, da abin da ta koya daga inda ta gaza, da abin da take bukata daga sauran ƙabilu a wata uku masu zuwa, kuma takardun a buɗe suke ga sauran su karanta.