Wane Aiki Za Mu Bar wa Mutum-mutumi?

Mu mazauna Adjamé da Treichville gini ya kewaye mu. An buɗe gadar Alassane Ouattara a 2023, gada ta huɗu a 2024, ga kuma layin jirgin metro da zai ratsa unguwanninmu. Yaranmu da yawa lebura suke yi, shi ya sa da an ce mutum-mutumi ya shigo harkar gini sai gabanmu ya faɗi.

Labarin ba ƙarya ba ne. A Ostareliya injin Hadrian X yana jera bulo, a Amurka TyBot yana ɗaure rodin gadoji. Amma inji ya fi son aikin da ake maimaitawa, a fili shimfiɗaɗɗe, da awo guda. Lungunan Adjamé kuwa, inda baro ma da ƙyar yake wucewa, mai gida kuma ya sauya tsarin ɗaki bayan an ɗora bulo, wannan sai magini.

To, a ganinmu aikin da ya dace da shi yana ƙarƙashin ƙafarmu. Wanda ya san mahaɗar Indénié ya san yadda ruwan Gourou ya sha cinye ta a watan Yuni, har gbaka ta kasa wucewa. Magudanan da aka gina dole a riƙa duba su, ana kwashe yashi da leda. Mutum ne ke sauka da shebur, cikin duhu da iska mai guba, don kuɗin yini ɗaya. Can muke so inji mai kyamara ya shiga, yaronmu ya tsaya a sama yana sarrafa shi, in dai makarantun sana'a sun koya masa.