Ragowar Kuɗin Makaranta

Ranar 23 ga Maris, 2020 aka rufe makarantu a Jihar Kaduna saboda cutar korona. Kwana uku bayan haka Mataimakiyar Gwamna Hadiza Balarabe ta sanar da dokar hana fita ba dare ba rana, ranar 28 ga wata kuma Gwamna Nasir El-Rufai ya bayyana cewa shi ma ya kamu. Mu mazauna Mararaban Rido muka wayi gari hanyar Kachia ta yi tsit, babu motocin Zonkwa da Kafanchan, babu masu sammakon tafiya Sabon Tasha da Kakuri neman na abinci. Galibin mutanen unguwarmu sai sun fita suke ci: magina, masu Keke Napep, mata masu sayar da abinci a bakin titi. Ni kuwa ɗan albashi ne, ƙarshen wata na ga saƙon banki. Wannan bambanci shi ne abin da na kasa gani, har na cuci wadda ba ta yi mini komai ba sai alheri.

Yarana suna wata ƙaramar makarantar kuɗi ta cikin unguwa, irin wadda ake biya kashi-kashi. Lokacin da aka rufe, rabin kuɗin zango na biyu kawai na bayar. A watan Afrilu mai makarantar ya turo saƙo a zaurenmu na WhatsApp yana roƙon duk wanda ake bi ragowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, domin malamai ba su karɓi albashin Maris ba. Raina a ɓace yake a lokacin. Kayan masarufi sun tashi, yara suna gida tukunya ba ta sauka, ga gwamnati ta fara cire kashi 25 cikin 100 daga albashin manyan ma'aikata don tallafin kulle. Ban tsaya tunani ba na rubuta: "Ba karatu, ba biya. In an buɗe ma yi magana." Ni ne sakataren ƙungiyar iyaye da malamai, don haka maganata tana da nauyi. Kafin magariba iyaye sun bi sahu, kowa yana cewa gaskiya na faɗa.

Ba gaskiya na faɗa ba. Kuɗin da ake nema ba na karatun da za a yi ba ne, na wanda aka riga aka yi ne daga Janairu zuwa Maris. Bashi ne a wuyana, na lulluɓe shi da rigar neman haƙƙi. Kuma na san yadda irin waɗannan makarantu suke tafiya: ba su da ajiya, abin da iyaye suka biya shi ne kuɗin haya da alli da albashi. Malaman gwamnati sun ci gaba da karɓar nasu duk da rufewar. Na makarantun kuɗi na unguwa kuwa, da yawansu ko a lokacin lafiya albashinsu bai kai naira 30,000 na mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2019 ba. Ranar da iyaye suka daina biya, ranar wutar murhunsu ta mutu.

Gwamnati ta shirya darussa ta rediyo da talabijin, amma an fi mai da hankali kan 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu jiran jarrabawar WAEC. Nawa 'yan firamare ne. Sai dai duk mako, a ranakun da ake buɗe gari don sayen abinci, babbar 'yata takan shigo da takardu rubutun hannu, lissafi da Turanci, ta yi, ta mayar, a dawo mata da su an duba da jan biro. Na ɗauka tsarin makaranta ne, har nakan ce a raina ashe dai suna iya aiki ba sai an biya ba.

Cikin azumi, wanda ya kama a ƙarshen Afrilu, maiɗakina ta zaunar da ni bayan shan ruwa. Ta ce: "Malam, ka san wa ke rubuta wa yaran nan takardun? Antinsu ce, da kanta, a bayan tsofaffin littattafai. Rabonta da albashi tun Fabrairu. Wayarta ma ta sayar. Ni ce nake ɗibar masara a buhunmu ina aika mata, ban faɗa maka ba saboda na ga abin da ka rubuta." Ban iya cewa komai ba. Ina azumi, ina ba da sadaka a ƙofar gida, alhali haƙƙin mai koya wa 'ya'yana yana cikin aljihuna.

Da aka sake buɗe gari na sa takunkumi na je ɗakin da take haya. Kirista ce, 'yar wajen Kachia, ita ma ta yi Ista a kulle ba coci, kamar yadda muke azumi ba tarawihi a masallaci. Na ce mata: "Malama, ni ne na hana a biya ku. Ki yafe mini." Ta ce: "Baba, ba komai, kowa yana cikin wahala. Ni dai tsorona kada yaran su manta abin da suka koya." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi mini gori ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Ranar na biya ragowar, na koma zauren na rubuta cewa na yi kuskure, bashi ne a kanmu, mai hali ya biya. Amma magana zarar bunu ce. Waɗanda a Afrilu suke da ɗan abin bayarwa, zuwa Mayu sun cinye shi, wasu kuma sun riga sun gamsu da hujjar da na ba su, ba su ga dalilin sakinta ba. 'Yan kaɗan ne suka biya. Da aka sassauta dokar a watan Yuni, bayan kusan wata biyu da rabi, makarantu ba su buɗe ba. Malamar ta tattara kayanta ta koma gida taya iyayenta noman citta. Lokacin da aka koma aji ba ta dawo ba, yara suka rasa wadda ta fi kowa sanin inda kowannensu yake tuntuɓe a karatu. Neman gafarata bai dawo da ita ba.

Abin da na gane shi ne, idan tsanani ya zo, kowa asararsa yake ƙirgawa, sai ya tura nauyin ƙasa, ya faɗa kan wanda ba shi da wanda zai tura wa. An rage mini kashi ɗaya cikin huɗu na ji kamar duniya ta tashi, ita an ɗauke mata duka ba ta fasa aiki ba. Na kuma gane cewa wanda jama'a suka ba muƙami, komai ƙanƙantarsa, ba shi da damar yin magana cikin fushi, domin abin da ya faɗa da bakin mutum ɗaya, da aljihun mutane da yawa za a aikata shi.

Bayan an koma, na kawo shawara a taron iyaye cewa kowane zango a riƙa ware wani ɗan abu a ajiye, ba a taɓa shi sai don albashin malamai idan aka sake rufe makaranta, ko don annoba, ko don dokar hana fita irin ta lokutan rikici da jiharmu ta sani. An amince, ko da yake abin da ke taruwa ba shi da yawa. Ga iyaye 'yan'uwana kuwa, roƙona ɗaya ne: duk mai ragowar kuɗin makaranta a kansa ya tambayi kansa albashin wa yake riƙewa. In babu hali, ya je ya faɗa da bakinsa, ya nemi a ɗaga masa ƙafa. Rashi ba laifi ba ne. Laifin shi ne wanda na yi, na samu hali na hana, kuma na koya wa wasu hanawa.