Fitilar ƙari a motar kasuwa

Daga Gure zuwa Garazu, cikin ƙasar Alakos, hanya rairayi ce. Toyota mai buɗaɗɗen baya ke ɗaukar mutane da awaki da buhunan hatsi.

Wani direba yakan bi hanyar da dare. Fitilun motar ba su ishe shi ba, sai ya ɗaura wata babba bisa kai. Yaron motarsa ya jawo siririyar waya daga batir, ya murɗe da hannu. Ba su sa fizibil ba.

Batir bolt 12 ne, ba ya jan mutum, shi ya sa ake rena shi. Amma girgiza ta goge robar wayar, ta taɓa ƙarfe, ta yi ja. Hayaƙi ya tashi, ga jarkar mai a gefe! Da rairayi suka kashe wutar.

Fizibil ɗan ƙarfe ne mai tsinkewa kafin waya ta ƙone. Wurinsa dab da kan batir mai alamar +. Yanzu direban ya sa shi, da waya mai kauri. In ya tsinke, ba ya cusa takardar taba mai ƙyalli. Sai ya nemi inda wayar ta goge.