Ɗan manomi ma yana buƙatar kwalejin gona, kuma ta kwana

Duk shekara idan aka fara rabon guraben karatu, hirar majalisa daga Achilafiya zuwa Roni, Gwiwa da Babura ɗaya ce: wane ya samu aikin jinya, wance ta samu kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Karatun aikin gona kuwa an bar wa wanda ya nema ko'ina ya rasa. Alhali Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana nan Ɗambatta, maƙwabtanmu da har zuwa 1991 jiharmu ɗaya da su, ga kuma ta Binyaminu Usman a Haɗeja wadda asalinta kwalejin gona ce. Ni a ganina yaron da ya tashi da fartanya a hannu shi ya fi kowa cancantar wannan karatu, amma da sharaɗin ya je ya tare a makarantar, ba jeka-ka-dawo ba.

Na san abin da dattawa za su ce: me malami zai koya wa ɗan da ya iya huɗa da firi tun bai kai shekara goma ba? Gaskiya ne ya iya, to amma noman ya sauya. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano, Jigawa, Katsina da Kaduna, mutane suka yi ta zuba magani ba tare da sanin irin ƙwarin da suke yaƙa ba, kuɗi ya tafi, gona ma ta tafi. Ƙuduji yana nan yana shanye dawa da gero a ƙasar da ta gaji, kuma maganinsa ya wuce tugewa kawai, sai an haɗa da gyaran ƙasa da sauya shuka da iri mai jurewa. Cibiyar bincike ta Samaru a Zariya, wadda aka kafa tun 1922, ta fitar da irin wake da gyaɗa da masara masu saurin nuna, daidai da daminarmu da ba ta cika wuce wata huɗu ba. Irin nan ba ya kai kansa ƙauye. Sai an samu wanda ya san tazarar shuka da lokacin zuba taki, kuma manomi ya fi yarda da ɗan garinsu fiye da baƙon da ya sauko daga mota da takarda a hannu.

Maganar kwana ita ce ba a cika kula da ita ba. Gona ba ta bin jadawalin aji. Akuya ba ta jiran ƙarfe takwas kafin ta haihu, 'yan tsaki cikin sanyin hunturu da tsakar dare suke mutuwa idan ɗumi ya yi ƙasa, ban-ruwa da feshi kuwa da sassafe ko da yamma ake yin su. Ɗalibin da ke hawa babur ya koma gida bayan azahar zai ci jarrabawa, amma rabin aikin a littafi ya gan shi. Wanda ke kwana kusa da garke da fadama shi ake tasa da asuba, shi yake ganin cuta tun ranar da ta fara. Ga kuma ribar zama tare: yaron Gwiwa mai noman tudu ya haɗa ɗaki da ɗan Kura da ya taso cikin shinkafa da ɗan Maigatari da ya san cinikin dabbobi da riɗi. Wannan sanayya takan zama jari bayan an gama difloma. Shi ya sa nake ganin kuskure ne kowace kwalejin gona ta sallami ɗalibai hutu a tsakiyar damina.

Sai batun aiki. Gaskiya gwamnati ba za ta iya ɗaukar kowa aikin malamin gona ba, duk da hukumar raya aikin gona ta Jigawa, JARDA, na buƙatarsu. Amma mai wannan takarda bai dogara da albashi kaɗai ba: akwai sayar da iri da magani bisa sani, rigakafin dabbobi, kiwon kaji da kifi, noman rani a bakin madatsun ruwa irin na Gari da Tomas, da adana wake a buhu mai ninki uku ba tare da guba ba. Abin da ke da wuya shi ne jari da fili, kuma a nan masu sukar karatun gona suna da hujja. Kuɗin abinci da ɗakin kwana ma nauyi ne ga talaka, iyayen 'ya'ya mata kuma suna da haƙƙin su ga katanga da mai gadi da ruwa da fitila kafin su saki 'yarsu. Waɗannan dalilai ne na a gyara makarantun, ba na a ƙaurace musu ba.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure, 'Yankwashi, Roni, Gwiwa da Babura, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu: ku ɗauki nauyin wasu yara duk shekara zuwa karatun gona, har da kuɗin kwana, sannan a ba su aron fili a fadama idan sun dawo. Iyaye kuma, kafin a cike fom ɗin bana, a je Ɗambatta a ga makarantar da ido.