Da Tsohon Idon Kyamara A Kilomita Biyar

Duk wanda ya taɓa tsayawa a titin Koudoukou ya ɗaga waya don ɗaukar hoton Babban Masallacin Kilomita Biyar ya san abin da ke biyo baya. Ƙasan ginin ya yi faɗi, samansa ya tsuke, hasumiya ta karkace kamar za ta faɗi da baya. Mun daɗe muna ɗora laifin a kan hannunmu, ashe maganin yana kwance cikin wata tsohuwar adaka a bayan kasuwa.

Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya fito mana da shi, naɗe cikin tsumma. Idon kyamara ne baƙi mai nauyi, an rubuta PC-Nikkor 35mm a bakinsa, ga wani ɗan kusa a gefe wanda in an murɗa sai gilashin gaba ɗaya ya zame gefe guda. Muka ce, "Baba, ai wannan ya karye." Ya yi dariya ya ce, "'Ya'yana, haka aka ƙera shi. Mai shi ya bar mini ajiya a 2014, takardarsa kuwa ta tafi tare da shagon."

To, nan aikin ya fara, don kuwa kayan aiki ba bayani jiki ne ba kai. Mun zaga masu hoto daga kasuwa har titin Boganda, yawancinsu yara ne da suka tashi da kwamfuta, ba su taɓa ganin irinsa ba. Daga ƙarshe wani ɗan'uwanmu da ke Duwala ya samo kwafin littafin bayaninsa a intanet, ya turo mana shafi-shafi ta waya, muka buga a takarda.

Ga abin da muka koya. Kamfanin Nikon na Japan ya fara fitar da irin wannan ido a farkon shekarun 1960 saboda masu ɗaukar hoton gine-gine. Hasken da yake zubawa ya fi faɗin fim, saboda haka ba sai an ɗaga hancin kyamara sama ba, wanda shi ne ke karkatar da bango. A tsayar da kyamara daidai bisa ƙafafunta uku, a murɗa kusan nan ido ya hau sama, har milimita 11, sai kan ginin ya shigo hoto alhali bango yana tsaye cak. Idon yana kuma juyawa, kuma lambobin da ke kewayen gindinsa suna faɗin iyakar zamewa ta kowace fuska. Wanda ya wuce iyaka zai tarar da kusurwoyin hotonsa sun yi duhu. A auna haske tun kafin a zame idon, sa'an nan a tsuke ƙofar haske da hannu, don ba ta tsuke kanta. Sai kuma a duba lambar da ke jikinsa kafin a ɗaura, domin wasu na farko-farko ba su dace da kyamarorin da aka ƙera daga baya ba, tilastawa kuwa ɓarna ce.

Ranar wata Lahadi bayan asuba muka fita, da ma'aunin ruwa da muka aro wajen wani magini. Muka nemi izinin dattawan masallaci tukuna, don a unguwar nan ba a ɗaga kyamara haka kawai, kuma kowa ya san dalili. Muka ɗauki masallacin, wanda Fafaroma Francis ya shiga ranar 30 ga Nuwamba 2015. Muka bi layin 'yan atamfa kafin a buɗe shaguna, masu shayi suna ta tsokanarmu da Hausa da Sango. Muka tsaya kuma a gaban wasu kangaye da ciyawa ta cinye, inda dā gidajen mutane ne.

Mai karatu zai ce, duk wannan wahala don bango ya miƙe? Mu dai mun ga yadda unguwa ke ɓacewa. Samuel Fosso, wanda ya buɗe shagon hoto a Bangui a 1975 yana ɗan shekara 13 har duniya ta san shi, an wawashe gidansa a 2014, sai da wasu 'yan jarida suka tsinto dubban fina-finansa a watse. In haka ta sami shahararre, ina ga hotunan sunan 'ya'yanmu da na ƙofofin gidajenmu? Hoton da bangonsa ke tsaye shaida ne: ana iya ƙirga tagogi, a kwatanta tsawo, magini ya duba ya sāke ginawa, yaron da aka haifa a Garoua-Boulaï ko Njamena ya ga gidan kakansa yadda yake.

Mun mayar wa dattijo ajiyarsa, tare da kwafin bayanin cikin leda, ko Allah zai dawo da mai shi. Kwafi na biyu yana hannunmu. Wanda ke da tsohon hoton wani gini na unguwar nan, don Allah kada ya bari gara ta riga mu.