Ranar da harmonika ta ƙi magana

 Yau za mu taɓa wata magana da ta shafe mu, mu ƴan tsirarun da ke busa harmonika, waccan ƴar busar baki da ke shiga aljihu. Duk mai busa ta ya san akwai ranar da take ƙin magana. Jiya ka busa a fada har an bar shayi ya huce, yau kuma ka ɗauka sai wani amo mai kama da kukan ƙyauren da ya yi tsatsa. Irin wannan rana ce ke sa matasanmu da dama su jefa ta cikin akwati, su ce ba su da baiwa. Mu ko mun ce a dakata tukuna.

Abu na farko da muke dubawa shi ne ita kanta harmonikar. Wadda aka fi samu tana da ramuka 10, ciki akwai ƴan harsunan ƙarfe 20 sirara, goma na hurawa, goma na zuƙa. Ɗan ɓurɓushin goro ko ƙuli-ƙuli, ko sukarin shayi da ya bushe, ya isa ya riƙe harshe guda ya yi shiru. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ba ta raga wa komai a ƙasarmu. Shi ya sa muke kurkure baki kafin busa, in mun gama mu bubbuga ta a tafin hannu, mu mayar da ita gidanta. Mai cikin roba ana iya ɗauraye ta da ruwa. Mai cikin katako, irin Marine Band ta kamfanin Hohner na Jamus, a yi mata nesa da ruwa, don katakon kumbura yake.

Sai jikinmu. Leɓen da sanyi ya faffasa ba ya rufe rami da kyau, iska sai ta riƙa zurarewa. Wanda ya yini a kan kabu-kabu cikin zafin Afrilu, ko bai samu barci ba, numfashinsa gajere ne. Abin da ya fi ɓata lamari shi ne haushi: in amo ya ƙi, sai mutum ya ƙara ƙarfi, alhali ƙarfin ne ke shaƙe harshen. An fi ganin haka a zuƙar rami na 2 da na 3, inda sabon shiga kan rantse cewa harmonikarsa ce ta lalace. Maganin a nan a saki muƙamuƙi, a buɗe maƙogwaro kamar mai hamma, a ja iska a hankali daga ciki. Akwai ma ƴar dabara: a harmonikar Do, zuƙar rami na 2 da hurar rami na 3 amo ɗaya suke bayarwa, wato Sol. Ranar da ɗaya ya ƙi, ɗayan na nan.

Wannan duk na kwana ɗaya ne. Mai wuyar ita ce wadda ke ɗaukar makonni, ka ji kamar kana tafiya cikin rairayi. Abin da muka lura, sau da yawa kunne ne ya riga baki girma. Kurakuran da da ba ka ji, yanzu kana jin su, sai ka ɗauka baya ka koma. Don haka muke ɗaukar busarmu a waya mu ajiye. In zuciya ta karaya, sai mu saurari ta watanni uku baya mu gwada da ta yau. Waya ba ta san kara ba, gaskiya za ta faɗa maka.

A irin wannan lokaci muna rage buri. Minti 10 a rana, amo ɗaya mai tsawo har ya fito fes, sannan wata tsohuwar waƙa da baki ya riga ya haddace. Lanƙwasa amo, wanda shi ne ya fi cin rai, a jingine shi zuwa wani sati. In abin ya ci tura, a huta kwana biyu ko uku, a koma saurare. Mu dai Ismaël Lô muke sawa. Mawaƙin Senegal ne, amma a Dogondutsi aka haife shi a 1956, mahaifiyarsa ƴar Nijar. Masu ba da tarihinsa sun ce a jikin bango ya kafe harmonikarsa da ƙusa, don ya koyi busa ta yana kaɗa gita lokaci guda. Wanda ya ji busar da ke cikin "Tajabone" ya san ƴan amo kaɗan ne, sai dai kowanne ya zauna daram.

Abu guda muke roƙo ga ƴan fada da iyaye: in yaro na fama, a daina ce masa ya bar wasan yara. Kalma ɗaya ta isa ta raba shi da abin da ke ɗebe masa kewa. Ku kuma ƴan uwa masu busa, kar ku yanke wa kanku hukunci a ranar da ta ƙi. Sannu ba ta hana zuwa. A goge ta, a ajiye, gobe bayan la'asar a sake gwadawa.

Allah Ya ba mu haƙuri da lafiya. Sai mun ji daga gare ku.